Kalma Ashirin da Huɗu Cikin Jar Fata

Shekarun baya kaɗan, a ƙarshen damina, ranar Talata da ƙarfe takwas da minti arba'in na safe, muna zaune ƙarƙashin rakubar gidanmu, wato rumfar tsakar gida, a Gadarif ta ƙasar Sudan. Mu huɗu ne. Ni, da ƙanwata, da mahaifiyata tana soya bunnin jabana, wato 'ya'yan gahawa, a gefen murhu, sai abokina mai gyaran waya a kasuwa, wanda na je na ɗauko takanas da tsohuwar kwamfutarsa. Na san lokacin daidai domin ba na fara aiki sai na duba agogo.

Ga wanda bai san ni ba: ni bakaniken tarakta ne a wata babbar gonar dawa kusa da garin Doka. Karatuna bai yi nisa ba, amma ina karanta harafin Turawa saboda lambobin kayan gyara. Direbobi suna kirana usta, wato ogan makanikai, suna cewa ina da tsauri, kuma ban musa ba. Idan tarakta ta ƙi tashi, dokata ɗaya ce: a duba mai, sannan iska, sannan wuta, bi da bi, ba a tsallake. Doka ta biyu kuma, wadda na kori mutum biyu a kanta, ita ce kada ka kwance abin da ba ka da madadinsa a hannu. Ku riƙe wannan ta biyun, za mu dawo kanta.

Ƙanwata a Khartum take aure. Mijinta yana da shagon kayan lantarki. Tun kafin yaƙi ya daina yarda da ajiyar fam, kuɗin ƙasarmu, sai ya riƙa mayar da abin da ya samu zuwa kuɗin intanet irin wanda darajarsa ke bin dala, yana tsare shi da wata 'yar na'ura da ake kira mahfaza. Tsawonta bai wuce ɗan yatsa ba, tana da maɓalli biyu da ɗan ƙaramin allo. Da suka fito gudun hijira, a cikin kwalbar garin kuɓewa na'urar ta ƙetare shingayen masu bindiga. Sun tsaya Madani. A can ciwon ƙoda ya tasar masa, Allah ya yi masa rasuwa. Ita kuma ta ƙaraso gida da yara uku, ƙaramar tana goye.

Da ta fita takaba, ta huta, sai ta ce tana son ta sayi injin niƙa kafin dawa ta shigo, don kada ta zauna tana jiran hannuna. Na ce madalla. Ta kwance bakin mayafinta ta miƙo mini na'urar, ta ce, "Yaya, duk abin da uban yaran nan ya bari yana nan ciki. Shagon an ƙone shi, gidan kuma ban san halin da yake ciki ba."

To ka ga dukiyar marayu ke nan gaba ɗaya, a tafin hannuna, tana ƙamshin kuɓewa.

Muka fara. Abokina ya jona ta da kwamfuta. Allonta ya kawo haske, ƙanwata ta sa lambar sirri, ta karɓa. Amma kwamfuta ta yi kamar ba a jona mata kome ba. Nan take abokina ya ce zai kashe ya kunna, ya goge manhaja ya sake ɗorawa, ya canza wannan ya canza wancan.

Na ce, "Tsaya, ya zol. In ka taɓa abu biyar a lokaci ɗaya ta tashi, wanne ne ya gyara ta?"

Ya ce, "Usta, wannan ba tarakta ba ce."

"Tana shan wuta?"

"Tana sha."

"To tarakta ce. Mu fara da wayar jonawa."

Wayar da ta zo da na'urar ta ɓace tun a Madani. Wadda abokina ya kawo ta caji ce kawai: tana kai wuta, ba ta kai magana. Shi da kansa ya gane haka bayan na matsa masa, ya yi 'yar dariyar kunya. Muka bi wayoyin gidan ɗaya bayan ɗaya. Ta farko, shiru. Ta biyu, shiru. Kafin ta uku na ɗauki tsinken sakace na share bakin na'urar a hankali, sai ga garin kuɓewa ya fito har da 'yar curi. Mahaifiyata ta leƙo ta ce, "Ku ajiye mini, ya isa miyar mutum ɗaya." Da muka sa waya ta huɗu, kwamfuta ta yi ƙara, ta gan ta. Ƙarfe tara da minti ashirin da biyar.

Mataki na biyu, manhaja ta ce ba ta samun hanyar fita. A gidanmu shabaka, wato sabis ɗin waya, ba ta kamawa sai a kan katangar da ke kusa da bishiyar darbejiya, don haka muka ɗora wayar salular abokina a can, muka tokare ta da bulo, kwamfuta tana jan intanet daga gare ta. Ya kunna manhajar nan da ke ɓoye ƙasar da mutum yake, domin da yawa daga irin waɗannan wurare da sun ga Sudan sai su rufe ƙofa. Duk da haka ta ƙi. Ya canza ƙasa sau uku, ta ƙi. Gumi ya fara keto masa.

Ni ban san kan kwamfuta ba. Abin da na iya shi ne kallo. Ina kallon allon daga sama zuwa ƙasa sai idona ya sauka a kusurwa, inda agogo yake. Agogon yana cewa sha biyun dare, shekarar kuma tun kafin a haifi ɗan ƙanwata na fari.

Na ce, "Agogonka ƙarya yake yi."

Ya ce, "Ai haka yake, ƙaramin batirinsa ya mutu. Ba ya hana kome."

"Gyara shi."

"Usta, me ya haɗa agogo da..."

"Wanda bai san ranar da yake ciki ba, kai za ka buɗe masa ƙofar shagonka? Gyara shi."

Na karanta masa lokaci daga agogon hannuna, ya sa. Bai gama ɗauke hannu ba manhajar ta buɗe. Ya dube ni, ya dubi kwamfuta, ya ce, "Wallahi usta, ka ci ni." Ƙanwata ta yi murmushi, irin wanda na daɗe ban gani a fuskarta ba. Mahaifiyata ta miƙo mini finjali ta ce, "Sha, mai tarakta."

Gaskiya kaina ya kumbura. Abu biyu na gyara da ido kawai, a gaban mai sana'a. Da ma a nan na tashi na yi alwala na huce, da labarin ya ƙare lafiya.

Mataki na uku, manhaja ta ce na'urar ta daɗe ba a sabunta ta ba, ba za a iya fitar da kome ba sai an yi mata tahdis. Wani rubutu ya fito cikin akwati. Abokina ya karanta, ya juya mana shi: "Kafin ka ci gaba, ka tabbata kalmominka na dawo da mahfaza suna hannunka."

Na duba agogo. Goma da minti talatin da biyar. A makon nan ƙarfe sha ɗaya ake ɗauke wutar unguwarmu, kuma batirin kwamfutar abokina ya daɗe da mutuwa, da wutar bango kawai take rayuwa. Na tambayi ƙanwata, "Lambar sirrin tana kanki?"

Ta ce, "Tana kaina, Yaya."

Na ce, "Halas, shi ke nan. Danna."

Abokina ya ce, "Usta, ina jin ba lambar suke nufi ba."

"Ji kake ko sani?"

"Ji nake."

"Minti nawa yake ɗauka?"

"Goma, sha biyar."

"Muna da ashirin da biyar. Danna."

Ya danna. Wani ɗan layi ya fara cika a allon na'urar. Ya kai kwata, ya kai rabi, ya wuce rabi. Ƙarfe goma da minti arba'in da takwas fanka ta tsaya, kwamfuta ta mutu. Ranar nan sun ɗauke wuta minti sha biyu kafin lokaci.

Muka kwashi kaya zuwa shagon abokina, inda yake da sola. A hanya nake tambayar kaina me ya hana mu fara daga can tun da safe. Amsar ita ce ni na ce ba a buɗe dukiyar marayu a tsakiyar kasuwa. A shagon, na'urar ta tsaya a kan rubutu ɗaya, ba gaba ba baya. Abokina ya bincika, ya gano cewa sai a danne maɓalli ɗaya a riƙe yayin da ake jona ta. Muka yi haka. Kwamfuta ta gan ta, tahdis ya fara daga farko, ya cika har ƙarshe. Na ce alhamdu lillahi.

Sai na'urar ta kawo gaisuwar maraba, irin ta abin da aka fitar daga kwali yanzu. Ba ta nemi lambar sirri ba. Tambaya ɗaya ta yi: sabuwar mahfaza kake so, ko za ka dawo da tsohuwa da kalmominka?

Abokina ya cire tabarau ya ajiye.

Na ce, "Yi magana."

Ya ce, "Ta goge kanta. Usta, ka fahimta, kuɗin ba a cikinta suke ba. Ita mabuɗi ce kawai. Mabuɗin ne ya narke. Kalmomin nan ashirin da huɗu su ne ake sake ƙera shi da su."

"In babu su fa?"

"Babu."

"Ba ofishi? Ba wanda za a rubuta wa?"

"Ko wanda ya ƙera ta ba shi da su. Kuɗin za su zauna a can har tashin ƙiyama, kowa yana iya ganinsu, ba mai iya taɓawa."

Na kwance abin da ba ni da madadinsa a hannu. Mutum biyu na kora a kan wannan.

Na isa gida bayan azahar. Na zaunar da ƙanwata, na gaya mata kome yadda ya faru, ban rage laifina ba. Sannan na ce, "Marigayi ya taɓa ba ki wata takarda mai kalmomin Turanci?"

Ta ce, "Takardar na'ura? Tana cikin laya."

Ga yadda abin yake. Da za su bar Khartum, mijinta ya lura cewa a shinge ana bincike waya, ana karɓe kuɗi da zinariya, ana yage takardu, amma ba wanda ke tsaga laya. Ko marar tsoron Allah yana tsoron abin da ke cikinta. Sai ya sa wani malamin unguwarsu ya rubuta layu biyu na hanya, ya kai wa baduku tare da katin kalmomin, aka ɗinke ukun da jar fata iri ɗaya. Ta katin ya yi wa igiyarta ƙulli uku. Ya gaya wa ƙanwata sau ɗaya, a cikin mota, yara suna kuka. Ita ta ɗauka takardar saye ce irin ta firji. Da ta iso gida cikin takaba, mahaifiyata ce ta kwance mata kaya.

Muka nemo layun. Ɗaya tana wuyan jaririya. Ɗaya tana rataye a saman ƙofar ɗakin ƙanwata. Na murza su da yatsa, dukkansu laushi gare su, ƙulli ɗaya ɗaya.

Na ce, "Inna, ina ta ukun?"

Mahaifiyata tana tsince wake a faifai. Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Tana inda take aiki."

"Inna, dukiyar marayu ce a ciki."

"Laya ce. Ita ta fito da su daga wuta."

"Ba rubutun malam ba ne a ciki, Turanci ne."

"Turanci ne ya tsallake da su shinge goma sha?"

A nan dole in faɗi wani abu game da ni da mahaifiyata. Ni ba na ɗaura laya, kuma na sha gaya mata kada a sa mini ita a kaya. Mun daɗe muna wannan jayayya, ita ba ta bari ba, ni ban sauka ba. Don haka da na ga ta ƙi ɗagowa, na san akwai abin da take jin nauyin faɗa. Ƙanwata ta durƙusa a gabanta, ta riƙe bakin faifan, ta ce, "Inna, don Allah."

Mahaifiyata ta ajiye faifan. Ta ce, "Tana ƙarƙashin kujerar motarka. Ni na ɗaura ta da hannuna, ranar da ka tafi sallar Juma'a ka bar mabuɗi. Hanyar Dokan nan ba ta da kyau, kai kuma ba ka jin magana. Na taɓa su duka uku, na zaɓa maka mai taurin."

Ƙanwata ta miƙe za ta nufi mota. Na ce ta zauna.

Yanzu kuma layi ya zo kaina. Duk ranar Juma'a nake share motata, har ƙarƙashin kujera. Wata uku da suka wuce na ga layar. Na san aikin wa ne. Na tsinke ta, kuma da yake ban san ko akwai sunan Allah a ciki ba, ban jefar ba. A wurin aikina akwai wani gwangwani da nake tara duk takardar da ke da sunan Allah, ƙarshen wata in ƙone su a wuri mai tsabta. Ciki na sa ta. Ƙarshen wata na farko na ɗauke ta zan sa a wuta, na ga irin ɗaurin da mahaifiyata ta yi wa igiyar, irin wanda take yi wa bakin buhu, sai na mayar. Wata na biyu ma haka. Abin ya ba ni haushin kaina. Don haka ranar Alhamis da ta wuce, da zan taho gida, na ce wa tsohon da ke gadin gonar, "Baba, gwangwanin nan, ka ƙone duk abin da ke ciki kafin in dawo."

Na faɗi wannan duka a gabansu. Ƙanwata ba ta yi kuka ba. Ta ɗauki jaririyarta ta shiga ɗaki. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Mahaifiyata ta dube ni. Ta ce, "Wanzami ba ya son jarfa." Sannan ta koma kan wakenta.

A gonar ba shabaka, ba yadda zan kira. Hanyar kuma ba a binta da duhu a wancan lokacin. Ina idar da sallar asuba na tayar da mota. Ruwan ƙarshe ya sauka kwana biyu kafin nan, baƙar lakar nan tamu tana kama taya kamar mai bin ka da magana. Dama da hagu dawa ta fitar da kai, riɗi ya fara rawaya. A tafiyar nan na yi lissafin rayuwata: in ta ƙone, zan sayar da motar, in sayi injin niƙan, in ci gaba da ciyar da yaran. Amma na san ko na yi haka har in mutu, ranar da babban ya girma ya tambaye ni ina abin da ubansa ya bari, amsar ita ce kawunka ya ga saura minti ashirin da biyar a ɗauke wuta.

Na isa ƙarfe takwas saura kwata. Tsohon yana dafa shayi a bakin bukkarsa. Ban ko gaishe shi yadda ya kamata ba, na wuce wurin gwangwani. Wayam. A bayan rumfa ga toka, an yayyafa mata ruwa.

Na dawo na tsuguna a gabansa. Na ce, "Baba, ka ƙone?"

Ya ce, "Tas, usta. Yadda ka ce."

"Duka?"

"Duk takarda."

"Akwai wata jar laya a ciki."

Ya ci gaba da fifita gawayi. Ya ce, "Ka ce in ƙone takardu."

"Na ce duk abin da ke ciki."

"To ni kunnena ya tsufa." Ya naɗe hannun rigarsa sama. A damtsensa akwai layu huɗu baƙaƙe da suka sha gumin shekaru, a tsakiyarsu ga ja guda ɗaya, igiyarta da ƙulli uku. Ya ce, "Wane mai hankali ne zai ƙone laya sabuwa fil? Ka san wahalar da malam ya sha? Tun da na ɗaura ta gwiwar nan tawa ta daina ciwo."

Na zauna daɓas a ƙasa. Ni da ba a taɓa ganin haƙorina a wurin aiki ba, na yi dariya har hawaye suka zubo, tsohon yana kallona kamar na taɓu. Da na ce ya ba ni, ya ce sai dai in gaya masa wa zai biya shi gwiwarsa. Na yi masa alkawarin man zafi da dunƙulen sukari. Ya kwance ta yana gunaguni, ya ce, "Ku 'yan boko, ku jefar da abu, in wani ya tsinta ya zama naku." Ban taɓa jin wani ya kira ni ɗan boko ba sai ranar.

A Gadarif ban yarda na taɓa ta da reza ba. Mahaifiyata ta kafa sharaɗi: baduku ya ɗinka, baduku zai farke, kuma a mayar da ita yadda take. Wannan karon na bi tsari. Na ɗauki ƙanwata muka je wurin wani dattijon baduku a kasuwa. Na fara yi masa bayani cewa abin da ke ciki sirri ne, kada ya karanta. Ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau.

Ya ce, "Ɗana, tun ba a haife ka ba nake ɗinkin laya. Ban taɓa karanta abin da ke cikin ko ɗaya ba. Baduku fata ce tasa, rubutu na mai shi ne."

Ya bi ɗinkin da basilla, zare bayan zare, bai yanki fatar ba. Da bakin ya buɗe, ya kau da fuskarsa wajen titi, ya miƙo wa ƙanwata da hannu biyu.

Ƙarfe biyu da minti goma muna shagon abokina. Ya jona kwamfuta da sola, ya sa wayar nan ta huɗu, ya gyara agogo ba tare da na ce masa ba. Ya ce bari ya ɗauki hoton katin da waya don kada ya sake ɓata. Na ce, "Baduku ya fi ka ilimin wannan na'urar. Fita ka sha shayi." Ya fita yana dariya, na rufe ƙofa.

Ƙanwata ta warware katin daga 'yar ledar da aka naɗe shi. Rubutun mijinta ne, da shuɗin biro, lamba ɗaya zuwa ashirin da huɗu, kowace kalma a gabanta, ba gogewa ko ɗaya. A nan ne ta yi kukan da ba ta yi jiya ba. Ta ce tun rasuwarsa ba ta ga rubutun hannunsa ba, duk takardunsa sun ƙone da shagon. Na bar ta har ta gama.

Sannan ta riƙe katin, ni kuma na riƙe na'urar. A jikin na'urar ake shigar da kalmomin, ba a kwamfuta ba, harafi bayan harafi, da maɓallan nan biyu. Ina sa kalma, in duba kati, in duba allo, in sake duba kati, sannan in wuce. Minti hamsin muka yi. Da na sa ta ashirin da huɗu, na'urar ta yi ɗan tunani, ta karɓa. Ƙanwata ta zaɓi sabuwar lambar sirri. Muka kira abokina, ya buɗe manhaja, muka jira ta gama zagayenta. Abin da marigayi ya bari ya fito a allo, cif, ba abin da ya taɓa shi.

Ƙanwata ta ce, "Yaya, ka sha ruwa, leɓenka ya bushe."

Kafin mu koma wurin baduku, ta kwafi kalmomin da hannunta a wata takarda, na duba mata sau biyu. Aka mayar da katin cikin jar fatarsa aka ɗinke. Inda suke yanzu, mutum biyu ne suka sani, kuma ba zan ƙara na uku a nan ba. Injin niƙan yana nan yana aiki a ƙofar gida. Ƙararsa ce ke tashina ranar hutu, kuma ban taɓa yin ƙorafi ba.

Na daɗe ina juya abin a raina. Duk zamansa da ƙanwata ina yi wa mijin nan kallon mutum mai sakaci, don yana yawan dariya kuma ba ya ɗaura agogo. Ashe ya fi ni tsari. Ya hango shinge, ya hango wuta, ya hango gumi har ya sa leda. Abu ɗaya ya rage masa: bai zaunar da matarsa a natse ya ce mata wannan katin shi ne dukiyar ba. Ni kuma waya da agogo na gyara da ido, sai na ɗauka na san na'urar. Rubutu ya fito ya gargaɗe ni, abokina ya gargaɗe ni, amma na riga na ji daɗin cewa "danna" a gaban mutane. Daga cikin mutum biyun da na kora, ɗaya na neme shi na mayar da shi aiki. Ɗayan ya koma Showak, ban same shi ba, kuma har yau abin yana ci mini rai.

Maganar laya kuwa, ni da mahaifiyata muna nan inda muke. Ni na ce kunnen tsoho mai gadi ne Allah ya yi sanadi da shi. Ita ta ce, "To wa ya riƙe hannunka sau biyu a bakin wuta?" Watannin baya ina share mota na ga wata sabuwa a ƙarƙashin kujera, da ɗaurin bakin buhu. Na share gefenta na wuce.

Ga roƙona gare ka, kai da kake da irin wannan na'ura, ko wani naka ya bar maka ita. Kada ka turo mini kalmominka, kada ka tura wa duk wanda ya ce zai taimake ka. Ka ajiye wayar nan yanzu, ka tashi ka je inda takardar take, ka riƙe ta a hannunka, ka ƙirga kalmomin su cika. Sannan ka zaunar da mutum ɗaya da ka amince da shi, ba a mota ba, ba yara suna kuka ba, ka gaya masa inda take da abin da take tsarewa. In ka gama, ka yi wa mijin ƙanwata addu'a. Na raina shi yana raye, kuma ba ni da sauran hanyar ba shi haƙuri sai ta bakinka.